Yadda Mutanen Karkara Za Su Sa Ɗan Majalisarsu Ya Tsaya wa Asibitin Gundumarsu

Akwai wani gini mai ɗakuna shida a wani ƙauye da nake yawan zuwa, an shafe shi da fenti fari da kore, an kafa allo a ƙofarsa ɗauke da hoton ɗan majalisar da ya kawo aikin. Ranar da na fara leƙawa ciki, gadaje huɗu suna jingine da bango ko ledarsu ba a cire ba, firjin ajiye allurar rigakafi yana rufe babu wuta, awaki kuma suna kwance a baranda. Ma'aikacin lafiya ɗaya tak aka tura wurin, shi ma ranar kasuwa kaɗai yake zuwa, domin iyalinsa suna hedikwatar ƙaramar hukuma, hanyar kuma ba ta biyuwa bayan la'asar saboda 'yan bindiga. Idan naƙuda ta kama mace da dare, sai dai a ɗora ta a babur ko a amalanke a nufi gari, in an samu mai ƙarfin halin fita. Da na zauna da dattawan garin muka yi magana, sai na fahimci cewa lokacin da suka je wurin ɗan majalisar gini suka roƙa, gini kuma ya ba su. Ba wanda ya ambaci ungozoma, ko gidan da za ta kwana, ko wanda zai tsare mata hanya.

Wannan rubutu na masu unguwanni ne da limamai da shugabannin mata da na matasa, da duk wanda jama'arsa suka ɗora wa nauyin zuwa ya yi magana da yawunsu. Abin da nake so in nuna shi ne yadda ake tunkarar ɗan majalisa da buƙatar asibiti ta hanyar da za ta haifar da aikin da zai ɗore, musamman a yankunan da rashin tsaro ya kori ma'aikatan lafiya.

Kafin a ɗaura rawani a kama hanya, wajibi ne a san abin da ke hannun mutumin da za a je wurinsa. Majalisar Tarayya tana da sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, kowace jiha kuma tana da majalisar dokokinta mai kujeru tsakanin 24 zuwa 40. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba waɗannan mutane iko guda uku da suka shafi maganarmu: su yi doka, su amince da kasafin kuɗi ko su gyara shi, sannan su sa ido a kan yadda ma'aikatu da hukumomi suke kashe abin da aka ware musu. Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisar Tarayya damar yin bincike da kiran duk jami'in da ya kamata ya zo ya yi bayani. Ɗan majalisa ba shi da ikon ɗaukar ma'aikaci da hannunsa, ba shi yake biyan albashi ba, ba ya kuma ba soja ko ɗan sanda umarni. Amma yana iya sa sunan asibitinku cikin kasafi, yana iya tsayawa a zauren majalisa ya faɗi halin da kuke ciki, yana kuma iya sa kwamiti ya kira shugaban hukuma ya tambaye shi dalilin da ya sa aka bar ku haka. Wanda ya san wannan ba zai ɓata zuwansa wajen roƙon kuɗin magani ko buhun shinkafa ba.

Sai kuma sanin ƙofar da ta dace, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asarar tafiya. Asibitin matakin farko, wanda muke kira sha-ka-tafi ko asibitin gunduma, yana ƙarƙashin jiha ne da ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya sa ƙananan hukumomi cikin masu alhakin samar da ayyukan lafiya, a mafi yawan jihohi kuma hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha ce take tura ma'aikata tana canza musu wurin aiki. Saboda haka idan matsalarku rashin ungozoma ce ko ma'aikacin da ba ya zuwa aiki, ɗan majalisar jiha ya fi sanata kusa da maganin abin, domin shi ne yake zama a majalisar da ke amincewa da kasafin wannan hukuma, shi ne kuma zai iya ɗaga waya ya kira shugabanta. Idan kuwa maganar ta shafi kuɗin da ke fitowa daga Abuja, ko aikin mazaɓa da aka fara aka watsar, ko buƙatar sansanin jami'an tsaro, to ɗan Majalisar Wakilai da sanata ne abokan maganarku. Kada a raina kansila da shugaban ƙaramar hukuma, tun ba ma bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 ba, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.

Akwai dokar da ya kamata kowane jagoran al'umma ya riƙe a kansa, wato Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 11 na wannan doka ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ma'aikatan asibiti suke kira BHCPF, ya kuma ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba. Dokar ta fayyace yadda za a raba kuɗin: kashi 50 na biya wa jama'a muhimman ayyukan jinya ta hanyar inshorar lafiya, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki na yau da kullum, kashi 15 na gyaran gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Ba a fara sa kuɗin a kasafi ba sai a 2018, shekara huɗu bayan sa hannu a dokar, wannan kuwa ya isa ya nuna cewa doka ba ta aiki da kanta sai an bi ta. Manufar tsarin ita ce a samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai a kowace gunduma, kuɗin gudanarwa kuma ya riƙa shiga asusun asibitin kansa duk bayan wata uku. Tambayar farko da za ku nemi amsarta tun kafin ku ga ɗan majalisa ita ce ko asibitinku yana cikin waɗanda aka zaɓa. Idan yana ciki, ku nemi sanin yaushe kuɗin ya shigo na ƙarshe da abin da aka yi da shi. Idan ba ya ciki, to kun samu buƙata takamaimai da za ku kai.

Hanyar samun wannan amsa ita ce kwamitin ci gaban gunduma, wanda tsarin hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, wato NPHCDA, ya tanadar wa kowace gunduma. A wurare da yawa sunan kwamitin kaɗai ya rage, an cika shi da 'yan uwan wani mai faɗa a ji, ba a zama, ba a rubuta komai. Ku farfaɗo da shi da sanin hakimi da dagaci, ku tabbatar akwai mata a cikinsa waɗanda za su iya buɗe baki su yi magana, domin su ne suke zuwa awo, su ne suke kai yara rigakafi, su suka san ranar da aka ce musu babu magani. Takardar da ta fito daga kwamitin da hukuma ta sani ta fi takardar mutum ɗaya nauyi, ta kuma fi wuyar a jingina ta da siyasar wani ɓangare.

Daga nan sai tattara hujja, kuma a kan wannan nake so in daɗe, domin ita ce bambancin wanda ake saurara da wanda ake sallama da kuɗin mota. Ku samu littafi mai kauri ku ba mutum biyu amintattu, namiji da mace, su riƙa rubutawa har tsawon wata biyu ko uku. Su rubuta ranakun da aka buɗe asibitin da waɗanda aka same shi a kulle, da yawan ma'aikatan da ke cikin takarda da waɗanda ake gani da ido, da matsayin kowannensu, ko ungozoma ce, ko ma'aikaciyar jinya, ko malamin lafiya na al'umma. Su rubuta ko akwai ruwa, ko akwai wuta da dare, ko firjin rigakafi yana aiki, ko akwai abin gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa, ko akwai allurar tsayar da jini bayan haihuwa da ta jijjiga. Su auna nisan garin da babban asibiti mafi kusa, su rubuta kuɗin da mai babur yake karɓa da rana da wanda yake karɓa da dare. Abu mafi nauyi shi ne lissafin matan da suka haihu a hanya, da waɗanda suka rasu wajen haihuwa, da jariran da aka rasa, tare da wata da unguwa. A nemi izinin iyalansu, a kuma sakaya sunaye, domin mutuncin mamaci da na iyalinsa ya fi ƙarfin takarda. A ɗauki hotunan rufin da ke yoyo da ɗakin haihuwar da ba shi da gado, amma kada a ɗauki fuskar majiyyaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai wanda ke zaune a Abuja ko a babban birnin jiha ba zai gani ba sai an nuna masa a rubuce.

Ina ba da shawara a jawo ma'aikacin asibitin a jiki tun daga farko. Sau da yawa jama'a suna ɗaukarsa a matsayin mai laifi, alhali shi ma an tura shi ne wurin da babu gidan kwana, babu kayan aiki, babu wanda zai karɓe shi idan ya gaji. Idan ya gane cewa ba ƙararsa za ku kai ba, shi ne zai gaya muku abin da ya rubuta wa ofishinsu sau nawa ba a amsa ba.

Takardar koken kanta kada ta wuce shafi biyu. A fara da sunan gunduma da ƙaramar hukuma da kwanan wata, a faɗi halin da ake ciki cikin sakin layi biyu da alƙaluman da aka tattara, sannan a kawo buƙatu waɗanda ba su wuce uku ba, kowace da hukumar da ke da alhakinta. Akwai bambanci mai girma tsakanin a rubuta "muna roƙon a taimaka mana da asibiti" da a rubuta "muna roƙon Mai Girma ya nemi hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta turo ungozoma biyu, ya kuma sa ginin gidan ma'aikata mai ɗaki biyu da na'urar wuta mai amfani da hasken rana cikin kasafin baɗi". Ta farko za a iya amsa ta da addu'a da alkawari, ta biyu kuwa dole a ce an yi ko ba a yi ba. A rubuta da Hausa da Turanci, a sa hannun shugaban kwamiti da na dagaci da na shugabar mata, a yi kwafi aƙalla huɗu. Idan aka kai ofishin mazaɓa, a nemi wanda ya karɓa ya buga hatimi ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafinku. Yabo da kirari a cikin takarda ba sa ƙara mata ƙarfi, zagi da gori kuma suna ba wanda ba ya son aiki hujjar ajiye ta a gefe.

Lokacin kai takarda yana da muhimmanci kamar abin da ke cikinta. A kasafin 2020 gwamnatin tarayya ta koma tsarin shekarar kuɗi daga Janairu zuwa Disamba, shugaban ƙasa da gwamnoni kuma sukan gabatar da kasafi ne a watannin ƙarshen shekara. Wanda ya kai buƙatarsa a watan Maris ya tarar an riga an rufe littafi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne dogon hutun da Majalisar Tarayya take tafiya daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sa'ad da 'yan majalisa suke dawowa gida, ma'aikatu kuma suke haɗa ƙiyasinsu. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Ranar ganawa kada a tafi da mota cike da jama'a. Mutum biyar sun isa, a ciki har da mace wadda za ta yi magana da bakinta. A zaɓi mai magana ɗaya, a gaisa cikin girmamawa, a miƙa takarda, a nemi sunan hadimin da zai riƙa bin maganar da ranar da za a dawo. Idan aka miƙo ambulan a ƙarshen zama, ra'ayina shi ne a yi godiya a mayar, domin wanda ya karɓa yakan ji nauyin komawa ya tambayi ina aka kwana.

Maganar tsaro ba ta rabuwa da maganar asibiti a yawancin ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, haka ma a Borno da Yobe. Sashe na 14 na kundin tsarin mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban maƙasudin gwamnati, amma sojoji da 'yan sanda suna hannun gwamnatin tarayya ne. Abin da ɗan majalisar tarayya zai iya yi shi ne ya gabatar da ƙudurin gaggawa a zaure, ya kai maganar ga kwamitocin da ke sa ido a kan sojoji da 'yan sanda, ya kuma nemi a sa ginin ofishin 'yan sanda ko gyaran hanya a kasafi. Ya kamata a sani cewa matsayar da majalisa ta cimma a kan irin wannan ƙuduri kira ne ga ɓangaren zartarwa, ba ta da ƙarfin doka, don haka jin sunan garinku a rediyo mafarin aiki ne kawai. A matakin jiha kuwa, inda aka kafa rundunonin tsaron al'umma, kamar wadda Katsina ta ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024, kuɗinsu yana bi ne ta kasafin jiha, ɗan majalisar jiha kuma yana da bakin magana a kan inda ake tura su da yadda ake ladabtar da wanda ya wuce gona da iri.

Ku nemi abin da zai sa ma'aikaci ya iya kwana a garin: katanga da ƙofa, gida a cikin harabar asibiti, fitila, sintiri a ranakun awo da rigakafi, da rakiyar motar da za ta fita da mara lafiya. Mafi ɗorewa a ganina shi ne a roƙi ɗan majalisa ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yan garin, musamman mata, a makarantun ungozoma da na kiwon lafiya, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida, domin 'yar gari ba ta gudu kamar baƙuwa. Ban goyi bayan a mayar da harabar asibiti sansanin masu ɗauke da makami ba, saboda hakan yana mayar da wurin abin kai wa hari, yana kuma hana wasu marasa lafiya zuwa. Sannan a yi hattara ƙwarai da abin da ake rubutawa: sunan wanda ake zargi da kai wa 'yan bindiga rahoto, ko hanyar da suke bi, ko sunan wanda ya ba ku labari, ba abin sawa a takardar da za ta bi hannu goma ba ne, balle a Facebook ko WhatsApp. Irin wannan baki da baki ake faɗa wa jami'in da aka amince da shi. Yana da kyau kuma jama'a da ma'aikata su san cewa dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, sai dai ya sanar da su cikin awa biyu da fara jinyar.

Idan Allah ya sa aikinku ya shiga kasafi, to a nan ne sa ido yake farawa. An daɗe ana ware naira biliyan 100 a shekara domin ayyukan mazaɓu na 'yan Majalisar Tarayya, ɗan majalisa ne yake zaɓar aikin, amma wata ma'aikata ko hukuma ce take ba da kwangilar. Ofishin Kasafi na Tarayya yana sa kundin kasafin a shafinsa na intanet, don haka a samu matashi mai ilimi ya nemo layin da ya ambaci garinku, ya rubuto adadin kuɗin da sunan hukumar da aka ɗora wa aikin. Wani lokaci za a tarar an sa aikin asibiti ƙarƙashin hukumar da ba ta da alaƙa da lafiya, wannan kuwa alama ce ta a buɗe ido. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar ya nemi sunan ɗan kwangila da abin da aka biya shi, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Idan aka ga an karɓi kuɗi an bar aiki, ko an kai kayan asibiti gidan wani, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019, shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT mai sa ido a kan kasafi kuma yana karɓar rahoto daga jama'a. Tun ana aza harsashi ku riƙa zuwa kuna dubawa, ku lura da yawan siminti da ƙarfen da ake sawa, kada ku jira ranar yanke ƙyalle.

Yana yiwuwa a yi duk wannan ɗan majalisa ya yi kunnen uwar shegu. A sake rubutawa bayan wata ɗaya a ambaci kwanan watan takardar farko, a aika kwafi ga shugaban kwamitin lafiya na majalisar da kwamitin sauraron koke-koken jama'a, a kuma nemi wani ɗan majalisa daga jihar ya gabatar da koken idan naku ya ƙi. Gidajen rediyon jiha da shirye-shiryen da ake buga waya suna da tasiri, muddin wanda zai yi magana ya tsaya a kan alƙaluman da ke cikin littafi bai shiga cin mutunci ba. Akwai kiranye, wanda sashe na 69 da na 110 suka tanada, amma yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar, sannan hukumar zaɓe ta tantance kafin a yi ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018 a matakin tantancewar ya tsaya. Ban ga hikimar al'ummar da ke neman ungozoma ta zuba ƙarfinta a wannan hanya ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a adana komai a jaka ɗaya a hannun sakataren kwamiti: littafin lissafi, kwafin takardu masu hatimi, hotuna, da ranakun da aka je da amsar da aka samu. Idan lokacin yaƙin neman zaɓe ya zo, duk ɗan takarar da ya shigo garin, na kowace jam'iyya, a zaunar da shi a ƙofar fadar dagaci, a karanta masa buƙatun nan uku a gaban jama'a, a ba shi biro ya rubuta wadda zai iya da watan da zai yi ta, ya sa hannu, a mayar da takardar cikin jakar.